Sanata Sinema da Ma'aikata: Wace Ƙuri'a Ce Ta Fi Nauyi?

A ranar 5 ga Maris, 2021, Sanata Kyrsten Sinema ta jihar Arizona ta taka gaban zauren Majalisar Dattawan Amurka, ta juya babban yatsanta ƙasa, ta wuce abinta. Ƙuri'ar ƙin amincewa ke nan ta kaɗa kan shawarar Sanata Bernie Sanders ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dala 15 a awa. Kafin gari ya waye bidiyon ya zagaye ƙasar, kuma har yau idan gardama ta tashi kan ko matar nan ta tsaya wa ma'aikata, daga wannan yatsan ake farawa.

Fushin yana da dalili. Mafi ƙarancin albashin tarayya a Amurka dala 7.25 ne a awa, kuma bai motsa ba tun watan Yulin 2009. Masu hidima a gidajen abinci, waɗanda ake ɗauka suna samun ihsani daga masu cin abinci, nasu dala 2.13 ne tun 1991. Ofishin kasafi na majalisar ya yi ƙiyasi a Fabrairun 2021 cewa dala 15 za ta ƙara wa mutum miliyan 17 albashi, ta fitar da 900,000 daga talauci, amma tana iya jawo asarar guraben aiki miliyan 1.4. Ga kuma tarihin ita kanta Sinema, wadda ta sha ba da labarin yadda ta tashi cikin talauci, ta kuma yi aikin kula da jin daɗin jama'a kafin ta shiga siyasa. Daga irinta ma'aikata suka sa rai.

Sai dai masu kare ta suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. Ba ita kaɗai ba ce: sanatoci takwas daga ɓangaren jam'iyyar Democrat ne suka ƙi, har da biyun jihar Delaware, jihar Shugaba Biden. An kuma kawo shawarar ne a cikin dokar tallafin korona ta dala tiriliyan 1.9, bayan jami'ar da ke fassara ƙa'idojin majalisar, Elizabeth MacDonough, ta yanke cewa batun albashi ba ya shiga irin wannan doka ta kasafi. Kafin a tsallake hukuncinta sai an samu ƙuri'a 60, aka kuwa tashi 42 da 58. Ko da Sinema ta ɗaga yatsan nan sama, ko kwabo ba zai ƙaru a aljihun kowa ba. Ita kuma cewa ta yi tana goyon bayan ƙarin albashi, amma a ware shi a yi muhawara a kansa daban. A jiharta ma masu zaɓe sun riga sun ɗaga nasu tun 2016, har ya kai dala 12.15 a 2021.

Suna kuma da wasu ƙuri'un da suke nunawa. Washegarin ƙuri'ar yatsan ta amince da dokar tallafin baki ɗaya, wadda ta ware kusan dala biliyan 86 don ceto asusun fanshon ƙungiyoyin ƙwadago da ke gab da durƙushewa. Ita da Sanata Rob Portman na Republican ne suka jagoranci sasantawar da ta haifi dokar gina hanyoyi da gadoji ta 2021, wadda magina da masu aikin ƙarfe suka yi maraba da ita. A Disambar 2022, da aka zo batun ba ma'aikatan jirgin ƙasa kwana bakwai na hutun rashin lafiya da albashi, tana cikin 52 da suka ce e, duk da hakan bai kai 60 ɗin da ake buƙata ba.

A nan ne nake ganin ɓangarorin biyu ke kuskure iri ɗaya. Kowa na tsinto ƙuri'un da suka yi masa daɗi yana jerawa, kamar duka nauyinsu ɗaya. Sanata na iya cewa e a ranar da ya san kudirin zai faɗi, ya samu yabo a banza. Yana iya cewa a'a a ranar da ya san ba a buƙatarsa. Wanda ke son sanin inda zuciyar ɗan majalisa take, sai ya nemo ranakun da sakamakon ya rataya a wuyansa. Irin waɗannan ranaku kuwa ba kasafai suke shiga labarai ba, domin yawancinsu kan ƙa'idar zama ne ko tantance wani jami'in da talaka bai taɓa jin sunansa ba.

Idan aka auna Sinema da wannan mudu, lissafin ya sauya. A Maris 2021 majalisar wakilai ta zartar da kudirin PRO, wanda zai ci tarar kamfanonin da ke korar ma'aikata don sun nemi kafa ƙungiya. A majalisar dattawa tana cikin 'yan Democrat uku da suka ƙi sa hannu a matsayin masu ɗaukar nauyinsa a lokacin, tare da Mark Kelly da Mark Warner. Kuma kudirin ba shi da mafita muddin ƙa'idar nan ta ƙuri'a 60 tana nan, ƙa'idar da ita da Sanata Joe Manchin suka tsaya kai da fata wajen karewa, har suka kada yunƙurin sassauta ta a Janairun 2022 lokacin muhawarar dokar zaɓe. A Maris 2022 an kawo sunan David Weil don ya shugabanci sashen da ke bin kadin albashi da awannin aiki, wato masu bin sawun mai gidan da ya danne wa ma'aikaci kuɗin ƙarin lokaci. Ita da Manchin da Kelly suka bi 'yan Republican, aka tashi 47 da 53.

Ana iya yin wannan bin diddigi ne saboda ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, a rubuta, kowa ya gani. Ƙungiyar ƙwadago ta AFL-CIO ma tana fitar da makin kowane ɗan majalisa. A Najeriya kuwa, inda Majalisar Dattawa ta zartar da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a rana guda cikin Yulin 2024, yawancin kudirori da murya ake yanke su, a buga guduma. Ma'aikacin Kano ko Gusau da ke son sanin matsayin sanatansa sau da yawa ba shi da takardar da zai duba, kuma wannan rashi ne babba.

Ƙuri'ar da na fi ɗora wa Sinema nauyinta ta zo ne a ƙarshen zamanta, bayan ta bar jam'iyyar a Disambar 2022, ta kuma sanar a Maris 2024 cewa ba za ta sake takara ba. Hukumar NLRB mai kujeru biyar, wadda aka kafa a 1935, ita ce ke kula da zaɓen kafa ƙungiya a wuraren aiki, ita ce kuma ke sauraron ƙarar wanda aka kora saboda fafutukar ƙwadago. A ranar 11 ga Disamba, 2024, aka nemi share hanyar sabunta wa'adin shugabarta, Lauren McFerran, abin da zai bar rinjayen hukumar a hannun waɗanda ƙungiyoyin ƙwadago ke goyon baya har cikin 2026. A wannan karon rinjaye kawai ake buƙata, ba 60 ba. Sinema da Manchin suka ce a'a, aka tashi 49 da 50. Da ita kaɗai ta sauya, da lissafin ya juye.

Wa'adin McFerran ya ƙare bayan kwana biyar. A ƙarshen Janairun 2025 Shugaba Trump ya kori wata mamba, Gwynne Wilcox, hukumar ta koma mutum biyu, alhali sai da uku take iya yanke hukunci. Ƙorafe-ƙorafen ma'aikatan da suka iso gabanta suka yi ta jira wata da watanni.