Burodi da niƙaƙƙen naman barewa, abincin sanyi a Amurka

A ƙasar Amurka akwai wata irin barewa mai farar wutsiya. Namijin yana da ƙaho mai rassa kamar icce. Kowace shekara ƙahon yakan faɗi, wani ya tsiro. Wajen shekarar 1900 maharba sun kusa ƙare ta. Sai hukuma ta kafa doka: ba mai harbi sai da takardar izini, kuma sai an buɗe farauta, bayan kaka. Yau barewar ta kai wajen miliyan 30. Duk da haka maharbi ba ya kai naman kasuwa. Na gidansa ne, ko ya yi kyauta.

Naman barewa ba shi da kitse. In aka soya shi haka nan, sai ya bushe kamar ƙirgi. Shi ya sa suke niƙa shi a inji, su haɗa da kitsen sa, kamar kashi 1 cikin 5.

Uwargida takan yanka albasa babba 1 da tattasai, ta soya da mai kaɗan. Ta zuba rabin kilo na nama, tana juyawa har jan ya ɓace. Sannan ta sa tumatir da gishiri da yaji da ɗan sukari. Ta rage wuta, ya yi minti 20 yana dahuwa, har miyar ta yi kauri. Wurin nan ba a gaggawa. Nama in an niƙa shi, dauɗar bayansa ta shiga ciki, sai ya dahu sarai.

Burodin kuwa a tsaga shi biyu, a ɗan gasa cikinsa a kasko, don kada ya jiƙe ya watse. A cika shi da nama, a ci da zafi. Miya takan zubo har gwiwar hannu, ba mai jin kunya.

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, nan Nijar barewa ta yi ƙaranci. Akwai dokar farauta ta 1998, kuma a 2012 an keɓe dajin Termit don kare namun daji. Amma naman akuya ma ba shi da kitse da yawa, yana yin wannan girki daidai. Inda ba inji, a yayyanka shi ƙanana, a daka a turmi mai tsabta tare da kitsen.