Uwargida, Haƙoran Nono Ma Haƙora Ne

Kwanakin baya wata yarinya 'yar shekara 6 ta yini a ajina, a nan Gafasa, kunci a kumbure, ko ƙosan da aka ƙullo mata ba ta taɓa ba. Da na duba bakinta sai na ga turame biyu sun yi baƙin rami. Da yamma na bi ta gida, mahaifiyarta ta ce mini, "Malama, ai na nono ne, da ta yi famfara shi ke nan." Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ramin nan tun kafin a sa yarinyar makaranta ya soma.

Uwargida, haƙoran nono guda 20 ne. Suna fara tsirowa wajen wata 6, su cika kafin yaro ya wuce shekara 3. Na gaba ne ke faɗuwa wajen shekara 6, amma turame sai shekara 10 zuwa 12. Ashe turmin da ya ruɓe a shekara 4, in ba a yi magani ba, yaro zai daɗe yana fama da shi, ba barci, ba cin kirki. In kuma aka cire shi tun lokaci bai yi ba, na kusa sukan matso su tare gurbin, sai na dindindin su fito a karkace.

Ba tsutsa ke cin haƙori ba, kamar yadda muka taso muna ji. Wasu ƙwayoyin cuta ne a baki, suna cin zaƙin da ya maƙale, su fitar da tsami mai zaizaye haƙori. Yawan maimaitawa ne ke ɓarna: alewa da safe, tuwon madara da hantsi, biskit da la'asar, sa'an nan a kwanta da shayi mai sukari a bulumboti. Da dare kuwa yawu yana raguwa, babu mai wanke bakin.

To, ga abin yi. Ran da haƙorin farko ya leƙo, ki soma goge shi da ɗan buroshi mai laushi, safe da kuma dare kafin barci. Ki nemi man goge baki mai sinadarin fuloraid. Wanda bai kai shekara 3 ba a sa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kuma kamar ƙwayar wake, ya tofar. In babu buroshi, aswaki mai laushi ya fi a bar bakin haka. Ke za ki goge masa da hannunki, har wajen shekara 7. Kayan zaƙi a ba shi tare da abinci, a bi da ruwa. Ku kuma 'yan makaranta, kun iya taya iyayenku wannan aiki a kan ƙannenku.

Sau ɗaya a wata ki ɗaga leɓensa a cikin haske. In kin ga fari-fari kamar alli kusa da dasashi, ko baƙi, a tafi asibitin Gaya. In abin ya fi ƙarfinsu za a tura ku Kano, inda likitocin haƙori suke, kamar Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Dasashi mai jini da wari tare da kumburin kunci, musamman ga yaro ramamme ko wanda ya tashi daga ƙyanda, ba a kwana da shi. Ta haka cutar noma ke farawa, mai cinye fuska cikin 'yan makonni, wadda saboda ita aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999.

Ita dai ɗalibata an cire mata turamen nan biyu, ta rasa karatun mako guda. Ƙaninta ɗan shekara 2 kuwa yanzu yana da nasa buroshin. Allah ya raya mana zuri'a, amin.