Abin Da Ke Sa Dashen Shinkafa Yin Rawaya Bayan An Binne Kara

Kowace shekara bayan girbi, tun daga Kadawa ta Jihar Kano har fadamun Argungu, manomin shinkafa yakan yi shawara game da tulin karan da ya rage: ya ƙone, ya sayar wa makiyaya, ko kuwa ya binne a gona. Malaman gona sun fi son a binne. Amma wanda ya binne, kuma ya yi dashe nan da nan, sau da yawa sai ya ga ganye ya yi rawaya, har ya zaci an ba shi gurguwar shawara.

Dalilin yana cikin ƙasa. Akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke ruɓar da kara. Abincinsu sinadarin kabon ne, amma ba su iya cinsa sai da naitirojin, watau sinadarin da ke cikin takin yuriya. Suna bukatar kimanin kashi 1 na naitirojin ga kowane kashi 25 na kabon. Shi kuwa karan shinkafa, kabon ɗinsa yakan ninka naitirojin sau 60 ko fiye. To, ina za su sami cikon? Sai su ɗiba daga ƙasa, su bar dashe da yunwa. Sinadarin yakan dawo bayan sun mutu, amma a lokacin shinkafar ta riga ta wuce kwanakin fitar da 'ya'ya.

In an cika gonar da ruwa, abin ya fi muni. Iska ba ta shiga, ruɓa takan yi jinkiri, tsami ya taru ya cuci saiwa, kuma iskar mithen mai ɗumama duniya ta riƙa tashi.

Ƙonawa kuwa hasara ce. Binciken Cibiyar Shinkafa ta Duniya da aka kafa a ƙasar Filifin cikin 1960 ya nuna cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na naitirojin da shinkafa ta sha yana cikin kara, kuma wuta takan tafi da kusan dukkansa.

Abin da ya fi shi ne a binne kara tun da sauran mako uku ko huɗu kafin dashe, ƙasa na da danshi amma ba a malala ruwa ba, a haɗa da takin shanu ko yuriya kaɗan. Wannan da sauƙin faɗa yake. Mai noman damina da rani ba kullum yake da mako huɗu tsakanin girbi da dashe ba, ga makiyayi kuma na jiran karan da kuɗi a hannu.