Amarya A Bakin Teku: Kafin Ki Sauka Daga Jirgi

Wani yayi ya shigo mana, da an gama biki a Fagge an kai amarya ɗakinta, in dai angon ɗan Kwari ne mai harka da Legas, ba a rufa sati biyu sai ki ji an ce ai sun bi motar dare ta New Road a Sabon Gari, wai an tafi ganin teku. Ba laifi ba ne, wace ce ba ta so? Sai dai mu da muka tashi ba mu san wani ruwa ba sai Jakara da kududdufin unguwa, ya kamata a ɗan yi mana bayani.

Ɗaya daga cikin wuraren da ake kai baƙi shi ne Tarkwa Bay, a bakin mashigar jiragen ruwan Legas. Mota ba ta zuwa, sai jirgi mai inji. Ruwan wurin a kwance yake saboda dogayen katangun duwatsu da aka jera tun zamanin Turawa suna tare igiyar ruwa. Amma kusa da shi akwai Lighthouse Beach, wanda ya fuskanci tekun Atilantika kai tsaye, babu abin da ya kare shi. To ƙawata, a irin wannan fili ne ake son ki buɗe ido, musamman in ango ya ɗauki shatar jirgi don ku kaɗaita.

Direba ba zai kai jirgi har kan yashi ba a inda ruwa ke dukan gaɓa, sai ya tsaya daga ɗan nesa ya jefa anka, wato ƙarfen nan mai ƙugiya da ke kama ƙasan ruwa. Dubi ta inda ya jefa shi. Ta goshin jirgi ake ɗaurewa, don jirgin ya fuskanci igiyar ruwa. In ta baya ya ɗaure, inda injin yake, ruwa na iya haurowa ciki. Sannan igiyar ankan ba a yi mata rowa, masana harkar suna sakin tsawon da ya ninka zurfin wurin sau 5 zuwa 7, domin sai ta kwanta sannan ƙarfen yake nutsewa cikin yashi ya riƙe. In kin ga igiya a tsaye ƙyam kamar ta guga a rijiya, wallahi wannan jirgi bai kamu ba.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne safiya. Da hantsi teku lumui, sai ki ce a faranti aka zuba shi. Amma da rana ta take, ƙasa ta yi zafi, sai iska ta fara busowa daga teku zuwa tudu, tana ƙara ƙarfi har la'asar. Ita ce ke tura jirgi wajen gaɓa, in anka ya suɓuce kuwa cikin ɗan lokaci igiyar ruwa za ta juya shi ta gefe ta kife. Ga kuma teku na cika yana janyewa kusan sau biyu a kwana guda, inda kika taka ruwa iya gwiwa da safe, da yamma sai ya kai miki ƙirji. Shi ya sa wurin na yini ne kawai, kuma direban kirki ba ya barin jirgi ba kowa ya tafi cin kifi. Ke ma za ki iya gane ko jirgi yana tafiya: ki saita wata bishiyar kwakwa da wani gini a bayanta, in kin ga sun rabu, ki yi magana. Kunyar amarci ba ta nan.

Sai batun kwalliya, wanda na san nan za mu ɓata da wasu. Zanin atamfa in ya jiƙe ɗaure ƙafa yake, dogon hijabi kuma nauyi yake yi ya nannaɗe hannu. Ki sa dogon wando a ciki, ki ajiye takalmi mai tsini a masauki, rigar kariya kuwa ki ɗaure ta sosai ko da za ta ɓata hoton.

Kada 'yan makaranta su ce ai wannan zancen matan aure ne. Ku ma ana kai ku yawon buɗe ido Dam ɗin Tiga, wanda aka gina zamanin Audu Bako, ruwa ne mai faɗi, kuma iskar hadarin damina ba ta sallama. Ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, da jirgi ya kife a ruwan Watari tsakanin Badau da Bagwai, mutum sama da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, kuma lodi ne ya yi yawa. Allah Ya jiƙansu. In jirgi ya tsaya kusa da gaɓa, kada ku miƙe gaba ɗaya ku yi gefe guda don ɗokin sauka. Ɗaya bayan ɗaya, sai wadda direba ya kira.