Gasar Wasannin Karatu: Abin da Uwargida Ya Kamata Ta Sani

Uwargida, na san sau da yawa kina fama da yaro ya ɗauke miki waya yana wasa, kina ta faɗa. To, yau ga wani bayani: cikin wasannin nan akwai waɗanda aka ƙirƙira musamman don koyar da karatu da lissafi, har gasa ake shiryawa a kansu.

Ɗaya daga cikin manyan gasannin ita ce wadda gidauniyar XPRIZE ta Amurka ta ƙaddamar a shekarar 2014, da kuɗi dala miliyan 15. Sharaɗin shi ne: a ƙirƙiro manhajar da yaro zai koyi karatu da rubutu da lissafi da kansa, ba malami a gabansa. Ƙungiyoyi kusan 200 suka shiga, aka tace har suka rage biyar.

To, yaya aka gane gwani? An kai ƙananan kwamfutoci na hannu ƙauyukan yankin Tanga a ƙasar Tanzaniya, aka raba wa yara fiye da 2,000, aka kafa wuraren caji da hasken rana. Da yawansu ba su taɓa shiga aji ba. Aka gwada su kafin a fara, aka bar su wata 15 suna wasa da harshensu na Suwahili, sannan aka sake gwada su. Da farko, fiye da tara cikin goma ba sa iya karanta ko kalma ɗaya. Bayan gwajin, adadin ya ragu da kusan rabi. A 2019 aka raba babbar kyautar dala miliyan 10 tsakanin ƙungiyoyi biyu, Kitkit School da onebillion.

Ki lura da abu biyu. Na farko, da harshen gida yaran suka koya. Na biyu, ma'aunin alƙalan shi ne abin da yaro ya iya bayan wasan. Ke ma ki riƙe wannan ma'auni a ɗakinki. In yaro ya ce miki wasan karatu yake yi, ki zauna kusa da shi ki gani. Bayan mako biyu ki tambaye shi: wane harafi ka koya? Ƙirga min waken nan. In ba abin da ya ƙaru, wasan cin lokaci ne kawai, a goge shi. Kuma a ƙayyade masa lokaci, kada waya ta hana shi barci ko makaranta.

Ko ke da ba ki samu zuwa boko ba, ba abin kunya ba ne ki koya tare da ɗanki, kina cikin gidanki. Gemu ba ya hana ilimi, balle ɗankwali.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.