Jiragen Sarakunan Santambul

Wanda duk ya karanta labarin Daular Usmaniyya, abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne dawaki da takubba da bindigogin da suka rushe ganuwar Santambul a 1453, alhali kuwa da yawa daga cikin ƙasashen da daular ta mallaka ta kan ruwa ta kai gare su. Mai neman hujja sai ya nufi unguwar Beshiktash, bakin mashigin Bosforus, inda gidan adana kayan tarihin rundunar ruwa yake, wanda aka kafa a 1897 zamanin Sultan Abdulhamid na Biyu, aka kuma dawo da shi wannan wuri a 1961.

Abin da ya fi cancantar a daɗe ana dubawa shi ne wani tsohon jirgi da ake jingina wa Sultan Muhammadu na Huɗu, mai tsawon kusan mita 40, da filafilai 24 a kowane gefe, kowane filafili mutum uku ke jan sa, watau matuƙa 144 ke nan domin ɗaukar mutum guda. A bayan jirgin akwai rumfar da sarki ke zama, an yi mata ado da hauren giwa da ɓawon kunkuru, aikin da sai mutum ya matso ya kan ga irin haƙurin da masassaƙi ya yi kansa. Galibin masu ziyara nan suke tsayawa. A ganina kuwa allunan da matuƙa suka zauna a kai sun fi rumfar ba da labari, domin a jiragen yaƙi na wancan zamani, na Musulmi da na Nasara baki ɗaya, da yawa daga masu jan filafili bayi ne da fursunoni, ɗaure da sarƙa, in jirgi ya nutse su nutse tare da shi.

Daura da gidan akwai hubbaren Hairuddini Barbarosa, sarkin yaƙin ruwa wanda ya karya taron jiragen Nasara a Fireweza a 1538, ya rasu a 1546. Kuma ya zama al'ada runduna ta yi masa gaisuwa kafin ta fita Bahar Rum. Nasarar Fireweza ba ta dawwama ba, gama a 1571 aka ragargaza jiragen Turkawa a Lefanto, ko da yake kafin shekara ta zagayo sun sassaƙa wasu.

Wannan ƙarfi har mu ya shafa, domin da jiragen ruwa Turkawa suka ci Tarabulus a 1551, garin da ayarin Kano da na Borno ke sauke kaya bayan ƙetare Sahara, kuma ta wannan ƙofa manzannin Mai Idris Aloma na Borno suka isa fadar Sultan Muradu na Uku.