Gurjin teku: me ya sa wani ke girma, wani ya tsumbure?

A wannan mako za mu leƙa gaɓar tekun ƙasar Sin, inda ake kiwon wata halitta da yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Ana kiranta gurjin teku saboda siffarta, amma fa ba tsiro ba ce. Dabba ce marar ƙashin baya, mai jan ciki a ƙasan ruwa tana kiwo cikin laka. Sinawa kan dafa ta su busar, su sayar da tsada ƙwarai, don sun ɗauke ta abinci mai gina jiki. Lardunan Liyawnin da Shandon da Fujiyan ne kan gaba wajen kiwonta, kuma a ƴan shekarun nan abin da ƙasar ke samarwa ya haura tan dubu 200 a shekara.

Sai dai akwai abin da ya daɗe yana ci wa masu kiwon tuwo a ƙwarya. A ƙyanƙyashe ƴaƴa rana ɗaya, a zuba su tafki ɗaya, a ba su abinci iri ɗaya, amma bayan ƴan watanni sai a tarar wasu sun ninka ƴan'uwansu nauyi sau da yawa. Ga shi dabbar kan ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin ta isa kasuwa. Ke nan duk wadda ta tsumbure, ta ci abinci ta tare wuri a banza.

Cunkoso da ingancin ruwa na da nasu laifin, amma gado ma na da hannu. A shekarar 2017 masana na Cibiyar Nazarin Teku da ke birnin Cindawo suka wallafa taswirar ƙwayoyin gadon wannan dabba, suka ƙirga sama da dubu 30. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa girma ba a hannun ƙwaya ɗaya yake ba. Ƙwayoyi ne masu yawa, kowace da ɗan abin da take ƙarawa. Don haka babu wata gajeriyar hanya, sai zaɓen iri, kamar yadda makiyayinmu ke ware bajimin da zai bar wa garke. Bambancin kawai shi ne, masana na neman gane iri mai kyau ta hanyar gwajin ɗan tsokar jikinsa tun yana ƙarami, ba sai an jira shekaru ba. Tun a 2009 ma hukumomin Sin suka amince da wani iri da aka samu ta haɗa na gida da na gaɓar tekun Rasha.

A ganinmu, saurin girma kaɗai ba zai fid da mai kiwo ba. Wannan dabba ba ta shiri da zafi. Da ruwa ya ɗumama lokacin bazara sai ta daina cin abinci, ta lafe ƙarƙashin duwatsu, hanjinta ya shanye, nauyinta ya ragu. In zafin ya wuce kima kuwa, mutuwa ce. Haka aka gani a 2018, lokacin da tsananin zafi ya halaka dubban tan a tafkunan Liyawnin, masu kiwo da dama suka tafka asarar wahalar shekaru cikin ƴan kwanaki. Shi ya sa a yau masu zaɓen iri ke neman wanda ya haɗa girma da juriyar zafi, suna kuma kaffa-kaffa kada yawan haɗa dangi na kusa ya raunana zuriyar.